Waiwaye: Yadda Jifan Guduma na Mata Ya Iso Inda Yake a Yau

Duk lokacin da aka kammala babbar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, sai wata muhawara ta sake tasowa tsakanin masu bibiyar wasannin jifa. Wasu suna ƙorafin cewa jifan guduma na mata bai taɓa yin ƙarfi kamar yanzu ba, amma duk da haka shi ne wasan da talabijin kan nuna jifa biyu ko uku kawai a cikinsa, a ɗan tsakanin tseren da aka gama da wanda za a fara. Wasu kuma tambayarsu ita ce, me ya sa tutocin ƙasashe ƙalilan ne suke ta maimaita kansu a wajen raba lambobin yabo. A gasar duniya da aka yi a Tokiyo a 2025, Camryn Rogers ta Kanada ce ta ɗauki zinare da jifan mita 80.51, 'yan ƙasar Sin biyu suka biyo bayanta. Shekara guda kafin nan, a gasar Olamfik ta Faris, ita ce dai ta zo ta ɗaya, Ba'amurkiya ta biyu, 'yar Sin ta uku. Mai kallo zai iya ɗauka cewa waɗannan ƙasashe sun wayi gari ne kurum da gwanaye, ko kuma wani ne ya zauna ya tsara mayar da wasan saniyar ware. Dukan ƙorafe-ƙorafen biyu suna da tushe guda, kuma tushen ya kai shekara talatin.

Ga wanda bai saba da wasan ba, sunansa yana iya ruɗarwa, domin babu guduma irin ta maƙeri a cikinsa. Ƙwallon ƙarfe ne da aka ɗaure da waya mai mariƙi a ƙarshenta. Na maza yana da nauyin kilo 7.26, na mata kuma kilo 4, kuma tsawon na mata gaba ɗaya ba ya wuce santimita 119.5. Mai jifa tana tsayawa a cikin da'irar siminti mai faɗin mita 2.135, ta wulwula ƙwallon bisa kanta, sannan ta juya sau uku ko huɗu a kan dunduniya da yatsun ƙafa kafin ta sake shi. A hannun gwanaye, ƙwallon yana barin da'irar da gudun da ya kusa kilomita 100 cikin awa ɗaya, kuma wannan gudun ne ya sa ba a yin wasan sai a cikin keji.

Tarihin farko sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Wasan ya samo asali ne daga bukukuwan gwada ƙarfi na mutanen Ayalan da Sukotlan, kuma maza sun fara yin sa a Olamfik tun 1900 a Faris. Mata sun shiga guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik a 1928 a Amsterdam, inda aka ba su jifan faifai, sai jifan mashi a 1932, sai jifan dalma a 1948. Daga nan ƙofar wasannin jifa ta tsaya cik, har sai da aka yi shekara 52 kafin a ba su guduma a Sidni a shekara ta 2000, shekara ɗari cif bayan maza. Yawancin masu ba da labarin suna tsalle ne daga 1948 su dira a Sidni, kamar dai ranar ce aka haifi wasan.

A ganina, abin da ya tsara wasan ya faru ne kafin Sidni, a 'yan shekarun da ke tsakanin 1994 da 1999, kuma ba a gaban dubban 'yan kallo ya faru ba. Tun kafin lokacin akwai matan da suke jifan guduma a ƙasashe daban-daban, sai dai jifansu ba ya shiga kundin tarihin duniya, kuma babu babbar gasar da za su nufa da atisayensu. Wannan gibi yana da nauyi ƙwarai, domin a guje-guje da tsalle-tsalle, wasan da ba a rubuta bajintarsa a hukumance ba ya samun kaso a kasafin ƙungiyoyi, ba ya samun mai horarwa na dindindin, kuma yarinya mai ƙarfi za a tura ta ne ga faifai ko dalma inda ake iya ciwo lamba. A 1995 ne hukumar wasannin ta duniya ta fara amincewa da tarihin jifan guduma na mata, ma'ana rubuta jifa mafi nisa a duniya a hukumance, a kan nauyin kilo 4, wato daidai da nauyin dalmar da mata suka saba jifa. Bajintar farko da aka rubuta ita ce mita 66.84 da Olga Kuzenkova ta Rasha ta jefa a watan Fabrairun 1994.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Kuzenkova da Mihaela Melinte ta Romaniya suka shiga karɓe tarihin daga hannun juna, har Kuzenkova ta zama mace ta farko da ta haura mita 70 a 1997, Melinte kuma ta kai shi mita 76.07 a 1999. Cikin shekara biyar da 'yan watanni an ƙara fiye da mita tara, alhali tarihin maza na mita 86.74, wanda Yuriy Sedykh ya kafa a 1986, har yau bai motsa ko da santimita ɗaya ba. Jikin mata bai canza ba a cikin shekara biyar. Abin da ya canza shi ne, an samu dalilin da zai sa mai horarwa ya zuba shekarunsa a kan 'yar wasa, ita ma ta samu dalilin da zai sa ta jure. Wannan saurin ci gaba shi ne amsa mafi gamsarwa ga tsohon zaton cewa wasan ya fi ƙarfin mata, domin ya nuna cewa gwanintar tana nan tun tuni, wurin nuna ta ne babu.

Sai dai ƙofar da aka buɗe a 1995 ba ta buɗu ga kowa daidai ba, kuma a nan ne asalin muhawarar yau take. Gudu yana buƙatar fili da takalmi ne kawai, amma guduma tana buƙatar da'irar siminti, da keji, da fili mai tsawon da ya haura mita 80 wanda babu mai ratsa shi, da kuma mutumin da ya san yadda ake koyar da juyi, abin da kan ɗauki shekaru kafin ya zauna a jiki. Ƙasashen da suka riga suka mallaki waɗannan abubuwa saboda mazansu, kamar Rasha da Romaniya da Poland da Jamus da Kyuba, ba su gina komai sabo ba, sun dai shigar da mata cikin kejin da ke tsaye tun da. Shi ya sa da aka sa wasan a gasar Turai ta Budafes a 1998, da gasar duniya ta Sabil a 1999, Melinte ce ta ci duka biyun, kuma a Sidni lambobin suka tafi Poland da Rasha da Jamus. Daga baya Yipsi Moreno ta Kyuba ta mamaye gasar duniya a farkon shekarun 2000.

Akwai wani abu na biyu da ya faru a daidai wannan lokaci, wanda ba safai ake ambatonsa ba. A 1996 ƙungiyar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta sa jifan guduma na mata cikin gasarta ta ƙasa, kuma Dawn Ellerbe ta Jami'ar South Carolina ce ta fara lashe shi. Amurka tana da doka tun 1972 da ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati su ba mata dama a wasanni kamar maza. Da zarar guduma ta zama wasan da ke kawo wa jami'a maki a gasa, sai masu horarwa suka shiga neman 'yan mata masu ƙarfi da saurin ƙafa suna ba su gurbin karatu, ko da kuwa ba su taɓa riƙe wayar ba, tunda galibin makarantun sakandaren ƙasar ba sa yin wasan. A wancan lokaci wannan bai ja hankali ba, domin jifan ɗaliban bai kusanci na Kuzenkova da Melinte ba. Amma alama ta bayyana tun a Sabil, inda Lisa Misipeka ta ɗauki tagulla da sunan Samoa ta Amurka, wasu 'yan ƙananan tsibirai a tekun Fasifik. A jami'ar da Ellerbe ta fito ita ma ta samu horo.

Mata sun iso wasan ne kuma a daidai lokacin da wurinsa a filin wasa yake ƙara ƙuntata. Saboda haɗarin ƙwallon da ya kauce hanya, an yi ta rage faɗin yankin da dole jifa ya faɗa a ciki, har a 2003 aka mayar da shi digiri 34.92 daga digiri 40. Kejin zamani yana da bakin da bai wuce faɗin mita 6 ba, da ƙofofi masu motsi da tsayinsu ya kai mita 10, waɗanda ake gyara wa zama gwargwadon ko mai jifa bahaguwa ce ko badamiya. Irin wannan keji yana da tsada, yana tare wa 'yan kallo da kyamara gani, kuma ƙwallon yana huda ciyawar filayen da akasarinsu na ƙwallon ƙafa ne. Da aka sake fasalin jerin manyan gasannin kwana ɗaya na duniya a 2010, guduma ba ta samu gurbi a ciki ba, sai aka ware wa wasan nasa jerin daban. Masu ƙorafi da yawa suna tsayar da tarihin a wannan shekara, amma abin da ya faru a 2010 sakamako ne na matsalar fili da tsaro da ta daɗe tana taruwa. Ya fi yi wa mata ciwo ne saboda maza sun riga sun yi ƙarni guda suna tara suna da masoya, su kuwa shekara goma kacal suka samu a Olamfik kafin a rage musu wurin fitowa.

Poland ce ta fi kowa nuna amfanin shiga da wuri. Kamila Skolimowska tana da shekara 17 lokacin da ta ci zinaren Sidni da mita 71.16, kuma ta rasu ba zato a watan Fabrairun 2009 tana sansanin atisaye a Fotugal, tana da shekara 26. A cikin shekarar ce Anita Włodarczyk ta kafa tarihin duniya a Barlin da mita 77.96, kuma ta ci gaba da yin gasa da safar hannun marigayiyar don tunawa da ita. Ita ce mace ta farko da ta haura mita 80, a 2015, ta kuma jefa mita 82.98 a Warso a watan Agustan 2016, a gasar da ake yi don tunawa da Skolimowska. Ta ɗauki zinaren Olamfik na Landan da Riyo da Tokiyo a jere. Duk da haka, saboda rabon gasannin da aka ambata, yawancin masu kallo ba su riƙa ganinta ba sai lokacin gasar duniya ko Olamfik ya zagayo.

Irin da jami'o'in Amurka suka shuka a 1996 ya ɗauki fiye da shekara ashirin kafin ya nuna. DeAnna Price ta ci gasar duniya a Doha a 2019, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta ɗauki zinare a wasan jifa a wannan gasa. A gasar duniya ta Yujin a 2022, Brooke Andersen ta Amurka ta zo ta ɗaya, Rogers ta biyu, Janee' Kassanavoid ta uku. A Budafes a 2023 kuma Rogers ce kan gaba, sai Kassanavoid, sai Price. Sau biyu a jere ke nan dukan lambobin uku suna tafiya Amurka ta Arewa, kuma dukan matan nan sun bi ta gasar jami'o'i, har da Rogers, wadda ta yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kuma ci gasar NCAA sau uku. Ƙasar Sin ta bi wata hanyar, ta cibiyoyin horo na gwamnati, ta fito da Zhang Wenxiu da Wang Zheng kafin matasan da suka haskaka a Tokiyo a 2025, amma sharaɗin bai bambanta ba, wato keji da mai horarwa da shekarun haƙuri.

Wannan ne kuma ya bayyana dalilin da ya sa nahiyoyin da suka yi fice a gudu ba sa yawan kaiwa zagayen ƙarshe na guduma. Idan aka duba gwanayen da suka ɗaga sunan Afirka a wasan, za a ga cewa da dama daga cikinsu a wajen nahiyar suka koya. Amy Sène, wadda ta ci wa Senegal gasar Afirka fiye da sau ɗaya, a Faransa aka haife ta. Annette Echikunwoke, wadda ta kafa tarihin Afirka da mita 75.49 a 2021 tana wakiltar Najeriya, haifaffiyar jihar Ohayo ce, kuma a Jami'ar Cincinnati ta goge. Daga baya ta koma wakiltar Amurka, ita ce Ba'amurkiyar da ta zo ta biyu a Faris a 2024, kuma azurfarta ce lambar Olamfik ta farko da Amurka ta taɓa samu a jifan guduma na mata, shekara 28 bayan jami'o'in ƙasar sun shigar da ɗalibansu mata cikin keji.