Ku Dubi Ƙafar Giwa Kafin Ku Tafa Mata

Jama'a, duk wanda ya taɓa ganin giwa a fagen wasa ta hau ɗan ƙaramin teburi ta tsaya da ƙafa biyu, 'yan kallo suna ta tafi, ya san abin yana ɗaukar ido. Ni aikina kula da lafiyar dabbobi ne, kuma idan na ga irin wannan, ƙafarta nake fara dubawa, domin a nan ake gane irin rayuwar da take yi a hannun kamfanonin wasa masu yawo gari-gari da tanti.

Giwa dabbar tafiya ce. A daji takan shafe kusan sa'a 16 a rana tana kiwo, tana taka yashi da laka da ciyawa. A tafin ƙafarta akwai kitse mai kauri da ke ɗaukar nauyin jikin da ya kai tan 3 zuwa 6, tafiyar kuma ita ke goge mata farce da tafi. Giwar wasa kuwa yawancin ranarta a tsaye take a kan siminti ko cikin tirela, an ɗaure ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya da sarƙa, tana taka fitsarinta da kashinta. Farce ya yi tsawo ya tsage, ƙwayoyin cuta su samu hanya, mugunya ta taru, a hankali ciwon ya ci har ƙashi. Amosanin gaɓoɓi ya biyo baya. A haka ake sa ta ta ɗora duk nauyinta a kan ƙafafun baya. Ciwon ƙafa da na gaɓoɓi suna cikin manyan dalilan da ke sa likitoci su kawo ƙarshen ran giwar da ke tsare don ta huta da azaba.

Idan kun gan ta tana rangaji, tana kaɗa kai hagu da dama ba tsayawa, yara sukan ce rawa take yi. Wannan alamar ƙunci ce, ta dabbar da aka daɗe ana tsarewa babu abin yi kuma babu 'yan'uwa. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, 'yar da ta haifa kuma tana zama da uwarta da sauran dangi har ƙarshen rayuwarta. Kafin a samu giwar da za ta bi umarni a fage, sai an raba ta da uwa tun tana ƙarama, a ɗaɗɗaure ta da igiya, a horar da ita da sanda mai ƙugiyar ƙarfe. Inda fata ba ta da kauri ake caka, kamar bayan kunne, ƙarƙashin haɓa da bayan gwiwa. Idan ta girma, ganin sandar kawai ya isa ta durƙusa. Gaskiyar masu iya magana ce, giwa a garin wani zomo ce.

Lamarin ya shafi lafiyar mutane ma. Giwaye suna kamuwa da tarin fuka irin namu, kuma suna iya yaɗa shi ga mutum. A 2009 an samu ma'aikatan wata mafakar giwaye a jihar Tenesi ta Amurka sun ɗauki ƙwayar cutar daga giwa. Giwa takan daɗe da cutar ba ta nuna alama, shi ya sa ake wanke cikin hancinta a kai ruwan ɗakin gwaji. To, ku yi tunanin dabbar da ake zagayawa da ita garuruwa, ana ɗora mata yara a baya. Ga kuma haɗarin ranar da haƙurinta ya ƙare. A watan Agustan 1994, a birnin Honolulu na Amurka, wata giwa mai suna Tyke ta kashe mai horar da ita a gaban 'yan kallo, ta fice kan titi, 'yan sanda suka yi ta harbinta har harsashi fiye da 80 kafin ta faɗi.

A idon dokar yawancin ƙasashe, giwa dukiya ce ta wanda ya mallake ta. Dokokin jin ƙan dabbobi suna hana duka da yunwa, amma wa zai bi tirelar da yau tana wannan gari, gobe tana wancan? A 2011 kamfanin da ya mallaki Ringling Bros., wata babbar tawagar wasa mai yawo da tanti a Amurka, ya biya gwamnatin Amurka dala 270,000 don sasanta zargin karya dokar jin ƙan dabbobi. Giwayen dai sun ci gaba da wasa har 2016, lokacin da matsin jama'a da dokokin birane masu hana sandar ƙugiya suka sa kamfanin ya janye su. Shi ya sa nake ganin gyare-gyaren sama-sama ba su isa ba. Babu yadda za a yi tanti da tirela su ba giwa fili da garke, komai kyawun zuciyar mai kula da ita, kuma na san akwai masu kula da ke son dabbobinsu da gaske.

Ƙasashe da dama sun gane haka. Bolibiya ta haramta amfani da kowace dabba a irin wannan wasa a 2009. Meziko ta hana na namun daji a 2015, Ingila a 2020, Faransa kuma ta yi doka a 2021 da za ta gama aiki a 2028.

Akwai kuma masu cewa giwa tana da haƙƙi na kanta wanda kotu za ta iya karewa. Manyan shari'o'in wannan fanni a kan giwayen gidan zoo aka yi su, amma batun da suka tattauna ya shafi kowace giwa da ke tsare. A 2022 babbar kotun jihar New York, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta ce wata giwa mai suna Happy ba mutum ba ce, don haka ba za a nema mata 'yanci ta hanyar da ake nema wa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. A Pakistan kuwa, a 2020 babbar kotun Islamabad ta ba da umarnin a saki toron giwa Kaavan, wanda ya shekara 8 shi kaɗai, aka ɗauke shi a jirgi zuwa mafaka a Kambodiya.

Abin da ke hannunmu shi ne kuɗin tikiti. Kada ku biya don kallon giwa tana wasa, kada ku hau ta, kada ku ɗora mata yaro don hoto, kuma ku daina yaɗa bidiyon a matsayin abin sha'awa. Idan kun ga giwa tana ɗingishi, ko da miki a bayan kunne, ko sarƙa ta ci mata ƙafa, ku ɗauki hoto daga nesa, ku rubuta wuri da rana, ku kai wa hukumar lafiyar dabbobi ko ta kula da namun daji. A kula kuma, wasu wuraren suna kiran kansu mafaka alhali kasuwanci suke yi. Kafin ku ba da gudummawa, ku tambaya ko ana hawan giwayen, ko ana sa su wasa, ko suna kwana a ɗaure. Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, ku riƙe kuɗinku.