Ba Faransanci kaɗai ke cinye harsunan Nijar ba

A fadar shayi a Tahoua, in aka tashi zancen mutuwar harsuna, nan take ake ɗora wa Faransanci laifi. Gaskiya ya mamaye makaranta da ofis, amma ƙaramin harshe ba a ofis yake mutuwa ba. A cikin gida yake mutuwa, ranar da uwa ta daina yi wa ɗanta magana da shi, ta koma harshen maƙwabta da ake ciniki da aure da shi.

A jiharmu ta Tahoua, wajen Akoubounou kusa da Abalak, akwai Tetserret, ɗan'uwan harshen Zenaga na Muritaniya. Masu jinsa sun ragu sosai, kuma Tamajaƙ, harshen Abzinawa, ne yaransu ke komawa, ba Faransanci ba.

Mu Hausawa ma muna ciki, kuma wannan yana damuna. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya isa Agadas a 1850, ya tarar mutanen birnin suna magana da Emghedesie, wani harshe na dangin Songai. Yau babu mai jinsa, Hausa ce ta maye gurbinsa a kasuwa da gidaje.