Mece ce fitilar cikin silin, kuma me ya sa take ba da wahala a tsohon gida?

Fitilar cikin silin ita ce wadda ake huda silin a cusa ta ciki, ba abin da ido ke gani sai zoben bakinta da hasken da take zubowa ƙasa. Masu wayarin sun fi kiranta fitilar POP, don a silin POP muka saba ganinta a jere. A Ingila ramin da ake yi mata kusan santimita 7 ne, a Amurka kuwa sun fi amfani da mai inci 4 ko 6. Tana da 'yan kunnuwa biyu masu sifirin. A lanƙwasa su a tura, su buɗe ta sama su damƙe silin. A sabon gini aikin 'yan mintoci ne.

Tsohon gida ne ke sa mai wayarin gumi. Yawancin gidajen da aka gina a Ingila da Amurka kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba da allon jifsam, wato shiryayyen allon filasta, aka yi musu silin ba. Kafinta ne ke jera siraran katakai a ƙarƙashin manyan katakan da ke ɗauke da bene, ya buga musu ƙusa, ya bar ɗan tsakani kamar milimita 6. Sai mai filasta ya zo da kwaɓin farar ƙasa da yashi, an cuɗa shi da gashin doki ko na shanu, ya danna shi da ƙarfi har ya ɓullo ta tsakanin katakan, yadda tuwo ke fitowa ta tsakanin yatsu in an matse shi. Abin da ya ɓullo ya lanƙwasa ta sama ya bushe, shi ne ƙugiyar da ke riƙe da silin ɗin gaba ɗaya. A kan wannan ake ƙara shafi na biyu da na uku.

To, kowane rami da za a yi wa fitila sai ya yanke katako ɗaya ko biyu. Katakon da aka yanke ba shi da madafa, sai ya yi ta rawa a bakin zarto, rawar kuma ta kakkarya ƙugiyoyin da suka shekara ɗari a bushe. Ranar aikin ba lalle a ga komai ba. Bayan watanni sai tsaga ta fito daga bakin fitilar, filastar ta fara ciki, wata rana faifai guda ya rikito. Shi ya sa gwanayen aikin ba sa kusantar zarto mai kai da komo. Da maganaɗisu suke laluben layin ƙusoshi su gane inda babban katako yake, su huda ɗan ƙaramin rami su zura lanƙwasasshiyar waya su juya, su ji ko akwai bututu ko waya a sama. Sannan a yanka filastar a hankali da zarton huda rami mai da'ira, mai bakin kabayid, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, a koma kan katakon daban. Ƙurar da ke zubowa kuwa, baƙi ƙirin da hayaƙin kwal na shekaru, sai wanda ya gani.

Ko an yi ramin lafiya, da sauran rina a kaba. An ƙera kunnuwan fitilar ne don allo mai kaurin milimita 12.5, tsohon silin kuwa yakan kai kusan ninkin haka, ga bakin ramin yana marmashewa. Ga kuma zancen gobara: silin shi ne ke tare wuta kada ta haye bene da wuri, rami kuma ƙofa ce. Don haka ake sayar da fitilun da aka gwada za su jure wuta minti 30, 60 ko 90. Zafin kwan kansa ya ragu tun da LED mai wat 5 ya maye gurbin halojin mai wat 50. Wayar da ke sama ma abin dubawa ce, domin a tsofaffin gidajen Amurka har yanzu ana tarar da wayarin farkon ƙarni na 20 wanda ba shi da wayar da ke kai wuta cikin ƙasa don kariya daga jan lantarki.

A ganina, silin da ke da zanen ado ko furen filasta a tsakiya bai cancanci huji ba ko ɗaya. Fitilar bango ko mai rataye ta fi dacewa da shi. A Ingila ma, in gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, sai ƙaramar hukuma ta ba da izini kafin a taɓa shi. Wanda ya nace, kuma ɗakin na da tsayi, gara ya ɗaura sabon silin na allo a ƙarƙashin tsohon ya zuba fitilunsa a can.

Mu a nan Nijeriya abin tsoron daban ne. Tsofaffin gidajen gwamnati da na unguwannin GRA da yawa silin asbestos gare su, ƙurarsa kuwa tana jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. Birtaniya ta haramta shi kwata-kwata a 1999. Irin wannan silin ba a huda shi, fitilar da ake mannawa a fuskarsa ake sa masa.