Waiwaye: Yadda ganyen darbejiya ya shiga abincin kajin gidan gona

Duk mai kiwon kajin nama ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Abinci kaɗai yakan cinye kusan kashi 70 cikin 100 na abin da zai kashe kafin kaji su isa sayarwa, sauran kuma magani ne da rigakafi da dumama 'yan tsaki. Shi ya sa maganar zuba garin ganyen darbejiya a abincin buroila take saurin shiga kunne, domin itacen yana ƙofar gida kuma ba a sayen ganyensa. Amma maganar ba daga tsadar masara ta faro ba. Tushenta na can cikin tarihin magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

A ƙarshen shekarun 1940, wasu masana biyu a kamfanin Lederle na Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suka lura cewa 'yan tsakin da aka ba ragowar tunkuzar haɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Aureomycin sun fi sauran saurin girma. Ba ciwo ake warkarwa ba, ɗan kaɗan ne kawai ake barbaɗawa a abinci kullum, kaza ta yi nauyi da abinci ƙasa da na da. Zuwa 1951 hukumomin Amurka sun amince da hakan, kuma dabarar ta bazu duk inda ake kiwon zamani. Illar ta biyo baya a hankali: ƙwayoyin cutar da suka saba da ɗan magani kullum sai su daina jin sa, har lokacin da mutum ne ya kwanta yana buƙatarsa. Rahoton kwamitin Swann a Ingila ya ja kunne tun 1969. Suwidin ta hana amfani da waɗannan magunguna don ƙara girman dabbobi a 1986, Tarayyar Turai kuma ta rufe ƙofar gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2006. Daga nan ne masu bincike suka bazama neman madadi a cikin tsirrai: tafarnuwa, citta, kurkur, zogale, shuwaka, da darbejiya.

Ita darbejiyar, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, mutanen Nijar kuma bedi, baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, inda aka daɗe ana magani da ita. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta Afirka ta Yamma, ta fara zama a Gana, sannan aka dasa ta a lardin Borno a 1928. Fari bai kashe ta ba, sai ta cika titunan Maiduguri da Sakkwato da Katsina, a kwarin Majiya na jihar Tawa kuma aka jera ta layi-layi tun 1975 don tare iska daga gonakin gero. Mutanenmu ba su jira ɗakin bincike ba: sun dafa ganyen don zazzaɓi, sun sa shi a rumbu don ƙwari, masu kajin gida kuma sukan jiƙa shi a ruwan sha idan annoba ta shigo unguwa.

Kimiyyar zamani ta waiwayo kanta ne ta hanyar fara. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga farin ɗango sun cinye komai a Sudan amma sun bar darbejiya da ganyenta. A 1968 aka ware sinadarin da ke hana ƙwaro ci, aka sa masa suna azadirachtin. A nan ne ya kamata mai kiwo ya tsaya ya yi tunani. Itacen da ya yi suna saboda yana hana halitta cin abinci, shi ne ake son sa wa kazar da duk ribarta ke kan yawan ci cikin mako shida zuwa takwas.

Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna fuskoki biyun. A Sudan, wani bincike da aka wallafa a 1992 ya ba 'yan tsaki abinci mai ganyen darbejiya kashi 2 da kashi 5 cikin 100 har tsawon mako huɗu. Girmansu ya ja baya, aka kuma ga lahani a hanta da ƙoda. A Jami'ar Najeriya da ke Nsukka kuwa, gwajin da aka wallafa a 2009 ya gano cewa kajin da aka sa wa rabin kashi ɗaya cikin 100 sun fi sauran yin kyau. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na nufin giram 5 a kowane kilo na abinci, wato giram 125 a buhu mai kilo 25. Irin wannan sakamako ya yi ta maimaituwa a Indiya da Pakistan da jami'o'inmu: ɗan kaɗan kan taimaka wa lafiyar hanji, wani lokacin ma ya rage kaifin cutar zawon jini, amma da an ƙara sai ɗaci ya sa kaji su janye baki daga abinci. Ganyen kuma yana da harza da yawa, kuma cikin kaza ba irin na akuya ba ne da zai narkar da ita.

Abin da ke damuna shi ne yadda maganar ke sauya kama idan ta bar jami'a ta isa keji. Tun da farashin masara da waken suya ya yi tashin gwauron zabi daga 2023, ƙananan gidajen gona da dama sun rufe, waɗanda suka rage kuma suna neman duk abin da zai ƙara wa buhu auki. Sai ka ji ana cewa a cika kwano da garin darbejiya a juye. Binciken bai taɓa cewa haka ba. Ganyen ba ya maye gurbin masara ko waken suya, kuma ba ya maye gurbin rigakafin cututtukan kaji irin su fakat ko gumboro da ake samu daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato da wurin likitocin dabbobi. Ƙarfinsa ma ba ɗaya ba ne: na ganyen damina daban da na rani, wanda aka shanya a inuwa daban da wanda rana ta ƙona, 'ya'yan kuma sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa aka fara neman madadin kuwa bai gushe ba. Har yanzu akan sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ba tare da takardar likita ba, a zuba wa kaji a ruwa tun ranar da aka kawo su, a sayar da su kafin maganin ya bar jikinsu. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2017, kuma kiwon kaji na cikin wuraren da ya shafa kai tsaye. Mai son gwada darbejiya ya ware kaji kaɗan, ya auna garin da sikeli maimakon hannu, ya riƙa auna nauyinsu kowane mako yana kwatanta su da waɗanda bai ba ba, kuma ya sanar da likitan dabbobinsa kafin ya faɗaɗa zuwa dukkan kejin.