Lamba ɗaya a takardar asibiti: yadda ake rubuta gubar ƙwayoyin gane-gane a Amurka

Idan aka kawo mutum sashen gaggawa a wani asibitin Amurka, zuciyarsa na dukan uku-uku, yana ganin abin da babu shi saboda ya sha LSD, wata ƙwaya mai sa gane-gane, likita zai yi aikinsa ya rubuta abin da ya gani. To amma kamfanin inshora ba bayanin likita yake fara dubawa ba, lamba yake dubawa. Akwai ma'aikaci na musamman da aikinsa shi ne mayar da rubutun likita zuwa lambobi, kuma da su ake neman kuɗin magani.

Kundin da ake ɗauko lambobin sunansa ICD-10-CM. Tushensa na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, Amurka ta faɗaɗa shi, ya zama dole a ƙasar tun ranar 1 ga Oktoba 2015. Kafin nan, lamba 969.6 ce ke ɗauke da gubar waɗannan ƙwayoyi gaba ɗaya. Yanzu an rarrabe: LSD tana ƙarƙashin T40.8, ƙwayar da aka san sunanta amma ba ta da gurbin kanta, kamar meskalin da silosibin, tana T40.99, wadda kuma ba a gane ko wace ce ba sai a sa T40.90.

A ɗauki T40.8X1A. Harafin X cike gurbi kawai yake yi. A na ƙarshe yana nufin ana tsaka da jinya. Idan mutum ya dawo a duba shi bayan an shawo kan matsalar sai a sa D, idan kuma wata illa ce ta biyo baya sai S.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne gurbi na shida, wato 1 ɗin nan. Shi ke faɗin niyya. 1 na nufin tsautsayi, 2 mutum ya yi nufin cutar da kansa, 3 wani ne ya ba shi don ya cutar da shi, 4 an kasa tantancewa. Nan ne mutane ke ruɗewa. Matashin da ya sha ƙwayar da hannunsa don ya bugu, abin ya fi ƙarfinsa, da gangan ya sha, amma bai yi nufin halaka kansa ba. Lambarsa 1 ce. Idan aka yi kuskure aka sa masa 2, takardarsa ta nuna ya nemi cutar da kansa ke nan, kuma duk likitan da ya buɗe fayil ɗinsa nan gaba da wannan idon zai kalle shi. Ba ƙaramin abu ba ne a ɗora wa mutum.

Ƙa'idar ta yi adalci a nan. Ta ce idan likita bai ambaci niyya ba, a rubuta tsautsayi. Ba a sa 4 sai likita ya bayyana ƙarara cewa an kasa ganewa. Ma'aikacin lambobi ba shi da hurumin yin hasashe. In rubutun ya shige masa duhu, likita zai koma wa ya tambaya.

Lambar guba ita ake fara sawa, sannan na alamomin da ta haifar, kamar farfaɗiya ko saurin bugun zuciya. Idan likita ya tabbatar mutum ya saba shan ƙwayar ko ta kama shi, sai a ƙara lamba daga rukunin F16. Zuwa asibiti sau ɗaya bai isa hujjar liƙa masa wannan ba.

Sai a kula, ba duk abin da ke juya tunani ne ke cikin lambobin gubar ƙwayoyin gane-gane ba. Wiwi tana T40.7, ƙwayar ekstasi kuma tana T43.64, tare da masu sa kuzari.

Dokar HIPAA ta 1996, dokar Amurka da ke kare bayanan lafiya, ta ba marar lafiya damar ganin bayanan jinyarsa, ya kuma nemi a gyara kuskure. Wanda aka kwantar kan irin wannan matsala, ko wanda ya yi jinyarsa da izininsa, ya karɓi takardar ya duba gurbi na shida.