Hawan sukari na safe ga mai diyabeti

Sukarin safe shi ne awon da ake yi wa jini bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa, yawanci da sassafe kafin karin kumallo. A Nijar da garam ake faɗarsa, wato garam na sukari a litar jini (g/L). Ƙasa da 1,10 g/L lafiya lau ne, in kuma ya kai 1,26 ko ya wuce har sau biyu a ranaku dabam to likita zai ce ciwon sukari ne. Wanda ya riga ya fara magani ana so nasa ya tsaya tsakanin 0,80 da 1,30. Wasu na'urorin da ake saye a farmasi a Yamai da mg/dL suke nunawa, sai mutum ya ga 126 ya firgita, alhali 1,26 ɗin ne dai.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, ka kwanta da 1,40 ka tashi da 1,80 kuma ba ka sa komai a baki ba. Aikin hanta ne. Hanta na ajiye sukari, da dare tana sako shi kaɗan-kaɗan cikin jini, to wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi jiki na fitar da sinadarai irin su kortizol masu shirya mutum ya tashi, su kuma sai su sa hanta ta ƙara sakowa, mai lafiya insulin ɗinsa, wato sinadarin da ke rage sukarin jini, zai taso ya kwashe amma mai diyabeti nasa bai isa ba ko kuma jiki ba ya jin sa. Shi ya sa tsohuwar da ta ce "ni na bar cin tuwon dare ma" sau da yawa ba ta ganin canji, in ma tana shan ƙwaya mai saukar da sukari to haɗari ta jawo wa kanta.

Maganin farko ga diyabeti nau'i na 2, irin wanda ya fi kama manya, shi ne metformin, wanda aka fi sani da Glucophage. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara gwada shi a kan masu ciwon a 1957. Babban aikinsa taka wa hanta birki, don haka ya dace da matsalar safe. Da abinci ake shan sa saboda yana iya kawo gudawa ko tashin zuciya a farko, kuma ana duba ƙoda lokaci-lokaci. Akwai glibenclamide da gliclazide, su matsa wa jiki suke ya ƙara fitar da insulin, suna aiki sosai amma in an sha ba a ci abinci ba sukari na iya faɗuwa ƙasa da 0,70, sai rawar jiki da zufa da jiri, nan take a sha ruwan sukari. In ƙwayoyi sun gaza likita kan ƙara allurar insulin mai daɗewa a jiki, irin NPH ko glargine, sau da yawa da dare. Mutane na gudun allura kamar ita ce ƙarshen rayuwa, ni dai ban ga dalili ba. Matsalar insulin ta gaskiya zafin gari ne: wadda ba a buɗe ba tana son firigo tsakanin digiri 2 da 8, a Tawa kuwa watan Afrilu ya wuce 40, shi ya sa inda ba wuta ake sa kwalbar a leda a ajiye cikin sanyin randa.

Maganar abinci ba wai a bar hatsi ba ne. A rage malmala, a ƙara miyar kuka ko kuɓewa, a sa wake da nama ko kifi, kopton zogale ma ya yi in ba a cika masa gari ba. A ci da wuri bayan magariba, a ɗan taka kamar minti 15 kafin a kwanta. Masu ɓarna a ɓoye su ne shayin fada, kofi uku kowanne da sukari har tsakar dare, sai fura da aka zuba wa sukari, da lemun kwalba, da burodi da madarar gwangwani. Zuma da dabino su ma sukari ne ko da an ce na Allah ne.

Awo guda ba ya yanke hukunci. Rashin barci, zazzaɓi, mantuwa da magani, ko shan ƙwayoyi irin dexamethasone da wasu mata ke sha don ƙiba duk suna ɗaga shi. Gara a riƙa rubuta awon safe a littafi a kai wa likita, shi ne zai canza ordonas, zai kuma iya neman awon HbA1c mai nuna yadda sukarin yake cikin wata 3 da suka wuce, ga mafi yawan manya ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin 100. Da azumi kuma a gan shi tun kafin watan ya kama don a sake tsarin lokutan magani, in awo ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura 3 g/L a karya azumin a rama daga baya.