Kuɗin katin wiwin magani ga dattawa da tsofaffin sojoji a Amurka

Katin wiwin magani wata shaida ce da gwamnatin jiha take ba mara lafiya a Amurka don ya iya shiga shagon da aka yi wa rajista ya sayi tabar wiwi bisa shawarar likita. Kalifoniya ce ta fara halatta wiwin magani a 1996, daga nan jihohi da yawa suka bi sahu, to amma kowace jiha da nata farashin, babu kuɗi guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya.

Oklahoma misali ce mai kyau. Mutanen jihar sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2018, katin kuma dala 100 ne na shekara biyu, sai dai wanda yake kan inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare ko Medicaid (ta masu ƙaramin ƙarfi), dala 20 kawai zai biya, haka ma tsohon soja da aka tabbatar nakasarsa ta kai kashi ɗari bisa ɗari. Da yake Medicare inshorar 'yan shekara 65 zuwa sama ce, ta nan dattawa ke samun rangwamen. A Fulorida kuwa dala 75 ne duk shekara, kuma dole a koma wajen likita duk bayan kwana 210 ya sabunta takarda. Fensilbeniya dala 50 take karɓa amma tana yafe wa masu cin tallafin gwamnati irin su Medicaid da tallafin abinci.

Inda gizo ke saƙar, kuɗin katin shi ne ƙaramin abu. Dokar tarayya ta 1970 ta jefa wiwi cikin rukunin ƙwayoyi mafi tsanani, shi ya sa Medicare ba ta biyan ko sisi na maganin, likitocin ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA kuma ba su da izinin cike wa mutum takardar neman katin, duk da dai ba a yanke wa soja haƙƙinsa don ya shiga shirin jiharsa. Wato bawan Allah da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan da ciwon baya da rashin barci sai ya nemi likitan kuɗi a waje ya biya daga aljihunsa, sannan ya biya kati, sannan kowane wata ya sayi maganin da 'yar fanshonsa, a Oklahoma ma har da harajin kashi 7 a kai. Gaskiya wannan nauyi ya yi wa tsoho yawa.

Jihar Ilinoi ta ɗan sassauta, ta yarda tsohon soja da ke jinya a asibitin VA ya miƙa takardun asibitinsa a madadin sa hannun likita.